Fashin Baƙi: Ta Yaya Maganin Rage Ƙiba Na Ganye Ke Lalata Hanta?

Ta yaya abin da aka ce ganye ne zalla, ba a sa masa sinadarin Bature ko ɗaya ba, zai kwantar da mutum a asibiti da ciwon hanta? Wannan ce tambayar da ke tasowa duk lokacin da wani ma'aikacin lafiya ya ja kunnen jama'a a kan shayin rage tumbi da ƙwayoyin rage ƙiba da suka cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na matan Katsina. Da an yi gargaɗin sai gardama ta kaure. Wani ya ce likitoci ne ke baƙin ciki da kasuwar masu maganin gargajiya. Wani ya ce ai da saiwa da sassaƙe iyaye da kakanni suka rayu. Wata ta ce ita kwali uku ta shanye, ga ta nan garau. Can kuma a ɗaya gefen akwai masu yi wa kowane ganye kuɗin goro, su ce duk guba ne.

Kowa a cikinsu ya riƙe wani yanki na gaskiya, wani yankin kuma ya kuɓuce masa. Abin da ya kamata a gane shi ne yawancin abin da ake sayarwa yau da sunan maganin rage ƙiba na ganye ba shi ne jiƙon da kakanninmu suka sani ba, kuma hantar da ake ɗora wa wannan kaya a garuruwanmu sau da yawa tana ɗauke da wani ciwon da mai ita bai san da shi ba.

Wane magani ake magana a kai?

Abubuwa iri-iri ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai na cikin gida: ruwan ɗumi da lemun tsami, shayin citta da kirfa, zoɓo ba sukari, dafaffen zogale. Waɗannan a gwargwadon yadda ake ci da sha ba su ne matsalar ba. Akwai kuma haɗin da ake sayarwa a gora ko a ƙullin leda, ba suna ba takarda, irin wanda mai mota da lasifika ke tallarsa a bakin kasuwa, ya ce yana maganin basir da sanyi da teɓa a lokaci guda. Sannan akwai wanda ya fi yin kasuwa yanzu a tsakanin mata masu ɗan hali: ƙwayoyi da shayi da kofi da ke zuwa a kwali mai kyau, wasu daga Sin ko Indiya ko Malesiya ko Amurka, wasu kuma a nan gida aka ɗura su.

Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kwali ya san kamanninsa. Koren launi, hoton ganye da raɓa a kai, mace siririya ta zagaye ƙugunta da tef ɗin tela. A baya an jera sunayen tsirrai da ƙananan baƙaƙe, ba a faɗi nauyin kowanne ba. Wani lokaci ma rubutun da harshen da mai sayarwa da mai saye duk ba sa karantawa ne. Ana ganinsa a status, a tura kuɗi ta waya, a sako shi a motar Kano ko ta Kaduna, a aiki yaro tasha ya karɓo. Bayanin yadda za a sha da saƙon murya yake zuwa: "Hajiya, ɗaya da safe kafin ki ci komai, ɗaya da dare. In kin ga cikinki ya ɗan murɗa kada ki damu, datti ne yake fita."

Ba abin mamaki ba ne kasuwar ta buɗe. A da ƙiba alamar hutu ce, amarya in ta murje sai a ce miji ya iya kiwo, kuma har gobe akwai masu neman sha-ka-fashe don su ciko. Amma yanzu ga matar da ta haihu huɗu ko biyar tumbi ya ƙi komawa, ga biki ya matso an kai ɗinki, ga gorin dangin miji ko na kishiya, ga kuma wadda likita da kansa ya ce ta rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon suga ko gwiwa. Maza ma suna sha, sai dai ba su cika faɗa ba. Buƙatar gaskiya ce, kuma ban ga dalilin yi wa mai ita dariya ba.

Me ya sa hanta ce ke fara ɗanɗana kuɗa?

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babban mutum ya kai kusan kilo 1.5. Ita ke sarrafa abincin da hanji ya tsotse, ta adana sukari, ta samar da ruwan ɗacin da ke taruwa a maɗaciya don narkar da maiƙo, ta kuma ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Jinin da ya kwaso kaya daga hanji ba ya wucewa cikin jiki sai ya bi ta cikinta tukuna. Kamar shingen kan iyaka take, irin na Jibiya ko Kongolam: duk abin da aka haɗiya sai an sauke shi a nan an duba kafin ya shiga gari.

To a wurin wannan dubawar ne ake samun matsala. Hanta ba ta tambayar abu daga ina ya fito, daga bishiya ko daga masana'anta. Farfasa shi take yi don jiki ya iya fitar da shi, kuma wani lokaci abin da ke fitowa daga farfasawar ya fi na asali dafi, sai ya ƙone ƙwayoyin hantar kansu. Wani lokaci kuma garkuwar jikin mutum ce ke ganin abin a matsayin baƙo, ta far wa hantar da yaƙi.

Batun cewa tsiro ba ya cutarwa kuwa, Bahaushe ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Zaƙami tsiro ne. Tinya tsiro ce. Rogo mai ɗaci abinci ne, amma in ba a jiƙa shi an sarrafa yadda ya kamata ba yana kisa. Tsofaffin masu magani na ƙwarai sun san wannan, shi ya sa suke da ƙa'ida: tafin hannu ɗaya, kwana uku, mai ciki kada ta sha.

Kofin shayi daban, ƙwaya daban

Koren shayi shi ne misalin da ya fi fito da lamarin fili, domin kowa ya san shi. Shi ne ganyen da ake dafawa a ƙaramar buta a majalisa, a yi ta juyawa har ya yi kumfa. Miliyoyin mutane na shan sa kullum a duniya. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira EGCG. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta duba lamarin a 2018, ta ce mai shan koren shayi yadda aka saba yana samun kimanin miligiram 90 zuwa 300 na wannan sinadari a rana, kuma a mafi yawan lokuta ba shi da illa. Amma idan aka tace ganyen aka dunƙule sinadarin a ƙwaya, aka sha miligiram 800 ko fiye a rana, nan ne ake fara ganin alamun rauni a gwajin hanta.

An gwada wannan a jihar Minnesota ta Amurka a kan mata fiye da 1,000 da suka daina al'ada. An ba rabinsu ƙwayar tataccen koren shayi, miligiram 843 na EGCG kullum har shekara guda, sauran aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. A rukunin farko fiye da kashi 5 cikin 100 gwajin hantarsu ya tashi, a na biyun kuwa bai kai kashi 1 ba. Tun kafin nan, a 2003, Faransa da Sifaniya sun janye wani maganin rage ƙiba mai suna Exolise daga kasuwa, wanda da tataccen koren shayi aka yi shi, bayan an samu masu ciwon hanta a cikin masu shan sa.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Jiki ya fi tsotsar wannan sinadari idan ciki babu komai. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta wajabta a rubuta a jikin irin waɗannan kaya cewa kada a sha ba a ci abinci ba. Mu kuwa umarnin da mai sayarwa ke bayarwa shi ne a sha da sassafe kafin karin kumallo, ga mai shan kuma dama ta rage cin abinci don ta rame. Wasu har da azumin Litinin da Alhamis suke haɗawa, su buɗe baki da shi.

Ba koren shayi kaɗai ba ne. Akwai Garcinia cambogia, wani ɗan itace na kudancin Indiya da kudu maso gabashin Asiya da ake sa ɓawonsa a miya don tsami, wanda sunansa ke jikin ɗimbin kwalayen rage ƙiba. An sha danganta tataccensa da mummunan ciwon hanta, har hukumar lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta shawarci jama'a a 2025 da su guje shi gaba ɗaya. Hatta kurkum, da muke sa wa a abinci da kwalliya lafiya lau, ƙwayoyinsa da ake haɗawa da sinadarin masoro don jiki ya ƙara tsotsa sun kwantar da mutane a Italiya a 2019.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Da yawa idan aka ce musu daga Amurka aka kawo magani sai hankalinsu ya kwanta. Amma a can, tun dokar 1994, irin waɗannan kaya ba a ɗaukar su a matsayin magani. Kamfani ba ya buƙatar ya nuna wa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, cewa kayansa na aiki kafin ya fara sayarwa. Galibi sai ɓarna ta bayyana hukuma ke shigowa.

Haka aka yi a watan Mayun 2009, lokacin da FDA ta ce a daina shan wani maganin rage ƙiba mai suna Hydroxycut bayan rahotanni 23 na mummunan raunin hanta, har da rasuwar wani matashi ɗan shekara 19. Haka aka yi a 2013 da OxyElite Pro, wanda ya fara kwantar da mutane a Hawaii: an ƙirga mutum 97, aka kwantar da 47 a asibiti, aƙalla 3 sai da aka yi musu dashen hanta, mutum 1 ya rasu. Da yawansu matasa ne masu ƙoshin lafiya da ke son rage ƙiba ko gina jiki. Wata ƙungiyar asibitoci da ke bin diddigin raunin hanta a Amurka ta gano cewa kason da kayan ganye da na ƙarin gina jiki ke da shi a cikin masu irin wannan ciwo ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 20 cikin 100 a tsakanin shekara goma.

Waɗannan ƙasashe ne da ke da ɗakunan gwaji, da tsarin kai rahoto, da asibitocin dashe. Mu a nan, in irin haka ta faru, sai a ce shawara ce ta kama ta, Allah ya yi mata rasuwa, ba wanda zai koma ya duba kwalin da ke kan madubinta.

Abin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Wannan ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. Ganye shi kaɗai ba ya zabge kilo biyar a mako biyu. Mai haɗa maganin ya san haka, ya kuma san in ba a ga canji da wuri ba ba za a dawo saye ba. Saboda haka marasa tsoron Allah a cikinsu sukan zuba maganin asibiti a ɓoye. Wanda aka fi kamawa shi ne sibutramine, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yau hukumomi a ƙasashe daban-daban na tsintar sa a cikin shayi da kofin rage ƙiba da aka rubuta wa "ganye zalla". A 2002 a Singafo, wata ƙwaya mai suna Slim 10 da aka shigo da ita daga Sin ta yi ajalin mace ɗaya, wata kuma sai da aka yi mata dashen hanta. Da aka bincika sai aka samu fenfluramine a ciki, wanda tun 1997 aka janye shi a Amurka. A shekarar dai ɗaruruwan mutane a Japan suka kamu da ciwon hanta daga irin waɗannan ƙwayoyi.

Wani lokaci ba ma mugunta ba ce, kuskure ne. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels na Beljiyam ya ba wasu mata haɗin ganyen Sin, ashe an musanya wani tsiro da wani mai suna Aristolochia, dangin duman dutse da masu saiwa suka sani. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya suka kamu da sankara a mafitsara da hanyar fitsari. Can ƙoda abin ya taɓa, amma darasin ɗaya ne: garin magani in an riga an daka shi, ido ba ya gane abin da ke ciki. Masu binciken nan na Amurka da suka gwada kayan da marasa lafiyarsu suka sha, sun tarar kusan rabi abin da ke ciki bai yi daidai da abin da aka rubuta a jiki ba.

"Ni na sha ban ga komai ba"

Gaskiya ta faɗa. Mafi yawan masu shan waɗannan abubuwa hantarsu ba za ta lalace ba, kuma ba daidai ba ne a ce duk wanda ya sha zai kwanta. Irin wannan rauni ba ya bin kowa. Mutane da yawa za su sha abu ɗaya, ya zaɓi ƙalilan daga cikinsu. An gano cewa masu ɗauke da wata ƙwayar halitta ta gado da ake kira HLA-B*35:01 sun fi saurin kamuwa idan suka sha tataccen koren shayi, kuma ba wanda ke sanin yana da ita ta hanyar duba fuska. Don haka shaidar ƙawa ko ta maƙwabciya ba ta gaya miki komai game da taki hantar.

Sannan ciwon ba ya zuwa a ranar da aka sha. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci wata uku har zuwa shida. Kafin nan an manta da kwalin, ko an canza wani. Hanta kuma ba ta da saurin kuka. Tana iya rasa babban kaso na ƙarfinta mutum na ta harkokinsa.

Dalilin da ya sa namu ya fi tsanani

Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kusan kashi 1 kuma nau'in C. A taron suna na mata hamsin, lissafi na nuna za a iya samun uku ko huɗu masu ita, kuma yawancinsu ba su sani ba, domin tana iya zama a jiki shekara ashirin ba alama. Sai a 2004 aka sa rigakafinta a jerin alluran jarirai a ƙasar nan, ke nan yawancin iyayen da ke sayen shayin rage tumbi yau an haife su kafin lokacin. Da yawa sai an je ba da jini ko awon ciki ko gwajin aure ake ganowa.

Ƙara da gubar da ke fita daga fumfunar gyaɗa da masarar da ba a adana da kyau ba, wadda ita ma hanta take ci a hankali. Ƙara da farasitamol da muke sha kamar ba magani ba, alhali babban mutum mai lafiya ma bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba. Ƙara da masu shan maganin tarin fuka, wanda shi kansa nauyi ne a kan hanta. Sannan mai ƙibar da ake magana a kanta sau da yawa kitse ya riga ya taru mata a hanta. Wato wadda ta fi neman maganin ita ce wadda hantarta ta fi rashin wurin ajiye ƙarin kaya. Raunin da mai lafiyayyar hanta zai warke daga gare shi cikin wata biyu, ita yana iya kai ta ƙasa.

In kuwa hanta ta gaza gaba ɗaya, babu injin da ke riƙe mutum wata da watanni kamar yadda ake wankin ƙoda. Abin da ya rage shi ne dashe, wanda galibi sai an fita Indiya ko Masar, da kuɗin da talaka ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba.

To lambar NAFDAC fa?

Masu sayarwa na yawan cewa "ai yana da lambar NAFDAC". Yana da kyau a san abin da lambar ke nufi. Yawancin magungunan ganye rajistar wucin gadi hukumar ke ba su, lambar takan ƙare da harafin L, bayan an yi gwajin guba an ga ba a samu illa ta kusa ba. Wannan ba shaida ba ce cewa maganin na yin aikin da aka ce yana yi, shi ya sa ake wajabta rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma irin raunin da ke kama mutum ɗaya cikin ɗaruruwa bayan wata uku ba lallai gwajin farko ya gano shi ba. Ga kuma masu buga lambar ƙarya. Hukumar na da kundi a intanet mai suna Greenbook inda ake iya duba kayan da ta yi wa rajista. Kayan da ba su da lamba sam, ko na gora da leda, su kam ba wanda ya taɓa duba su.

Masu maganin gargajiya na asali suna da nasu ƙorafin, kuma yana da tushe. Suna cewa maganin asibiti ma na lalata hanta, kuma haka ne. A Amurka da Ingila farasitamol ne kan gaba wajen gazawar hanta ta farat ɗaya. Suna cewa magunguna da yawa daga tsiro aka samo su, shi ma haka ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin ya samo asali. Bambancin shi ne na asibiti an san abin da ke ciki, an san adadinsa, an san illarsa an rubuta. A ganina masu gadon magani su ne ya kamata su fi kowa ɗaga murya a kan wannan kasuwa, domin da sunansu ake cin ta, alhali mai sayar da kwali ta waya ba ta gaji magani ba, ba ta kuma san abin da ke ciki ba. Sau da yawa ita ma tana sha, da zuciya ɗaya take tallarsa.

Yana ma rage ƙibar kuwa?

Da amfanin na da yawa, da sai a ce a auna shi da haɗarin. Amma a 1998 an gwada Garcinia a kan mutum 135 na tsawon mako 12, ba a ga wani bambanci tsakanin masu shan sa da masu shan ƙwayar banza ba. Da aka tattara gwaje-gwajen koren shayi a 2012, ragin da aka samu ɗan kaɗan ne da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke sa sikeli ya sauka a makon farko yawanci filasko ne ko danginsa, da ake sa wa a shayin rage tumbi don ya sa gudawa, wani lokaci da abin sa yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, ba kitse ba. A zafin Katsina na watan Afrilu wannan kaɗai ya isa ya jigata ƙoda ya zubar da gishirin jiki. Da an daina, nauyin ya dawo. Abin da aka tabbatar yana rage kitsen hanta shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki sannu a hankali: mai kilo 90 ta sauke 6 zuwa 9 cikin watanni, ta hanyar rage lemun kwalba da sukarin shayi da fura, rage malmalar tuwo da soye-soye, ƙara ganye da wake, da tafiyar ƙafa ko da zagayen tsakar gida ne bayan sallar asuba.

Alamomi, da kuskuren da ake yi idan sun bayyana

Alamomin farko su ne kasala, tashin zuciya, da rashin son abinci. Nan tarkon yake, domin mai shan maganin rage ƙiba in ta ga abinci ya fita ranta murna take yi, ta ce magani ya karɓe ta. Sai fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, gefen dama na ciki ya yi nauyi. Daga nan farin ido ya koma rawaya. A fatarmu ba a cika ganin canjin launi ba, don haka ido ake dubawa, a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba.

Abin da aka saba yi a wannan gaɓa shi ne a je kemis a ce maleriya da taifot ne, a haɗo magunguna har da farasitamol. In ido ya yi rawaya kuma sai a ce shawara ce, ba a kai ta asibiti, a nemo wani jiƙon a ɗora a kan na farko. Duk wannan ƙarin kaya ne a kan hantar da ke neman a sauke mata. Likitocin hanta sun daɗe da sanin cewa idan raunin da magani ya jawo ya kai ga ido ya yi rawaya, kusan mutum 1 cikin 10 na iya rasa ransa ko ya buƙaci dashe. In aka ga mara lafiya ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, yana barci da rana ido biyu da dare, gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta kai ƙwaƙwalwa; in kuma dasashi na zubar da jini, hantar ce ta kasa ƙera sinadaran daskare jini. A yi masa addu'a a cikin mota ana hanyar asibiti, kada a tsaya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a ɗakin likita. Ya tambaya, "Hajiya, kina shan wani magani?" Ta ce, "A'a likita, ba na shan komai." Ba ƙarya take nufi ba, a wurinta shayi ne ba magani ba. Wata kuma kunya ce, ga maigida a tsaye bai san tana sha ba. Babu wani gwaji guda da ke nuna cewa ganye kaza ne ya yi ɓarnar. Likita na ganowa ne ta hanyar kawar da sauran dalilai da kuma abin da aka gaya masa. In aka ɓoye, zai yi ta neman ciwon a inda ba ya nan, ita kuma ta koma gida ta ci gaba da sha. Ya kamata ma'aikatan lafiya su ma su riƙa tambaya da sunan abin, shayin rage tumbi, haɗin gyaran jiki, jiƙo, kuma ba da faɗa ba.

Wadda ta ga waɗannan alamu ta dakatar da shan abin nan take, ta ɗauki kwalin ko gorar da ragowar da ke ciki ta tafi da su. Gwajin aikin hanta, wanda ake kira LFT, da gwajin cutar hanta nau'in B da C, ana yin su a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina, jini kaɗan ake ɗiba. Mafi yawan waɗanda suka daina da wuri hantarsu na komawa daidai cikin makonni ko 'yan watanni, domin gaɓa ce mai iya sabunta kanta. Amma wanda ya warke kada ya sake komawa ga wannan abu ko da sau ɗaya don gwaji, karo na biyu yakan zo da sauri kuma ya fi muni. Mai ciki, mai shayarwa, wanda ya san yana da cutar hanta, da mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, su kam kada su fara. Likita ko mai harhaɗa magani na iya kai rahoton kayan ga NAFDAC, mutum da kansa ma na iya yi ta manhajar Med Safety a wayarsa, ya rubuta sunan kayan da lambar da ke jikin kwalin da ranar da ya fara sha.